Mantau da Madubin Leza

An yi wani bawan Allah, Mantau, a wani gari da ba sai na ambata ba. Shara yake yi a wata cibiyar bincike ta gwamnati. Ran da aka ɗauke shi, shugaban wurin, Dakta Zailani, ya miƙa masa makulli ya ce, "Ɗakin madubi naka ne. Sharaɗi ɗaya: ko ƙuda ya sauka a kan madubin nan, ka faɗa."

Mantau ya ce, "Na ɗauka, ranka ya daɗe." Suka tafa.

Ku saurara. Ni ban yi boko ba, amma an yi mini bayani. Ƙasashe ne suka haɗu suna gina na'urar wani haske, leza, mai huda ƙarfe. Kowace ƙasa da abin da za ta kawo, tamu madubi aka ba ta. Shekara biyu ana goge shi. In akwai ƙwarzane ko maiƙo a fuskarsa, hasken na dukansa sai madubin ya tsage, aikin mutane ya ƙone, wanda ke kusa ma yana iya rasa ido.

Saura kwana uku a tafi da madubin, sai ga wani babba ya zo ziyara. Dakta ya shafa masa turare a hannu, kamar yadda muke wa baƙo. Babba ya ƙi sa safar hannu, wa zai tilasta shi? Ya dangwala yatsa a madubi, ya ce, "Kai, sumul!" Da ya fita, Dakta ya ruɗe, ya goge wurin da hankicinsa. Mantau na tsaye da tsumma.

Dakta ya ce, "Baba Mantau, ba ka ga komai ba. In aka ji, za a ba wata ƙasa aikin. 'Ya'yanka nawa?"

"Bakwai."

"To, ka tuna da su."

"Ranka ya daɗe, kai ka ce ko ƙuda."

"Ni na faɗa, ni na janye!"

"Ai lokacin da na amsa, ba kai kaɗai ka ji ba."

Washegari masu dubawa suka iso daga waje. Mantau ba ya jin Turanci. Ya tsaya gaban wata mata a cikinsu, ya ɗaga yatsa, ya nuna gefen madubin. Ta haska fitila, ga ƙwarzane siriri kamar gashi.

Aka fasa tafiya da madubi. Kun san a kan wa aka ɗora laifin? Aka rubuta cewa mai shara ne ya taɓa. Aka karɓe makulli. Mantau ya koma dakon itace, har ciwon ƙirji ya kwantar da shi, bai tashi ba. Dakta kuwa aka ƙara masa girma, wai a hannunsa aka gano matsalar.

To, wa ya ci riba? Dakta ya ci kujera, kuma zai tashi da ita a wuya ranar hisabi. Wani can a wata ƙasa yana gani da idonsa biyu, bai taɓa jin sunan Mantau ba. Mantau ya rasa aiki, ya rasa suna, ya tafi da amanarsa cif.

Jama'a, amana ba ta wanda ya ba ka ba ce, balle ya janye. Kai mai awo, kai bakanike, kai mai haɗa magani: akwai ƙwarzanen da kai kaɗai ka gani. Gobe in ka buɗe shago, nuna shi.