Yankan Farko Na Kek Ɗin Taina

Akwai wata mata a layinmu nan Salvador, sunanta Joselma, wadda idan ta sa abu a gaba ko zama ba ta iya yi sai ta ga bayansa. Tana da kirki, ba zan ci haƙƙinta ba, amma Allah ya yi ta da tsoron abin da mutane za su ce.

Bana 'yarta Taina ta cika shekara tara, ta ce bikin shigar matsafa take so a yi mata a gida. Ta ce kowa ya zo da doguwar hula mai tsini, da alkyabba, da sandar tsafi.

Joselma ta ɗauki abin da zafi. Iyayen yaran sabuwar makarantar Taina masu hali ne, ta rantse ba za a raina mata gida ba. Ta rataye jemagun takarda a falo, ta ari ƙatuwar baƙar tukunya ta cika da lemo, ta kwana biyu tana mulmula cakulan. Wanda duk ya gifta ta gabanta a makon nan sai ya sha tsawa.

Akwai kuma abin da take jira a ranta, wato yankan farko. Kun dai san yadda ake yi a nan: idan an hure kyandir, mai biki ya yanki kek ya miƙa wa wanda ya fi ƙauna, kuma ba a raba sauran sai an ba da wannan. Joselma har ta riga ta hango kanta a hoto tana karɓa.

Ranar Asabar da la'asar, tana tsakiyar shafa wa fuskarta koren fenti, aka buga ƙofa. Mahaifinta ne, Seu Anacleto, wato Malam Anacleto, tsohon da kullum safiya yake hawo bas daga unguwar Paripe mai nisa don ya raka Taina makaranta.

Ya naɗe jikinsa da wani koɗaɗɗen shuɗin ƙyalle. An lilliƙa masa taurari da takardar biskit mai ƙyalli, wasu a karkace, wasu sun fara ɓallewa. Hularsa ta kwali ce, gemun auduga ya zame gefe guda.

"A ba da hanya, babban boka ya iso!" in ji shi, yana ɗaga muciyar da ya mayar sandar tsafi.

"Baba! Wannan ai labulen falon marigayiya Mama ne!"

"Shi ne. Ni na ɗinka, jikata ta yanka taurarin da hannunta. Yaya kika gan ni?"

Joselma ta leƙa titi, ta ga motar baƙin farko tana tsayawa. Ta ja shi ta lungun gida har bayan kicin.

"Don Allah, Baba, ka cire wannan abin, kar a yi mana dariya. Ka taimake ni da gashin nama a nan baya. Idan an natsa zan kira ka."

Tsohon ya dube ta, ya sauke muciyar. "To, 'yata," ya ce. Ya nufi wurin garwashi.

Gida ya cika. Yara suna ta tsere da tsintsiya tsakanin ƙafafu, wani ya tsoma hularsa a tukunyar lemo, wata ta ɓata sandarta tana kuka. Joselma tana nan tana can, tana gyara wannan, tana goge wancan, gumi yana wanke mata fenti.

Taina ta ja mata riga. "Mama, ina Kaka?"

"Yana zuwa. Tsaya a ɗauke ki hoto."

Ta sake tambaya, ta sake. Duk amsar ɗaya ce.

Aka kashe fitila, aka kunna kyandir, aka yi waƙa da tafi. Taina ta hure, ta yanka kek daga ƙasa zuwa sama kamar yadda ake yi, ta ɗora a faranti. Yara suka hau ihu: "Na wa ne? Na wa ne?"

Joselma ta gyara hula, ta matso, har ta ɗan miƙa hannu.

Taina ta wuce ta. Ta ratsa mutane da farantinta, ta bi ta kicin, ta fita baya. Nama yana nan a gashe, an jera shi a tire an rufe. Garwashi ya mutu. Hular kwali tana kan kujera, babu kowa.

Yarinyar ta dawo falo ta zauna a ƙasa, ta rungume farantin.

"Taina, ba ni mana, mutane suna jira," in ji Joselma a hankali.

"Na Kaka ne."

"To ajiye masa, mu raba saura."

"Ba a ajiyewa, a hannu ake bayarwa. Ke kika ce yana zuwa."

Yara sun zuba wa kek ido, manya suna kallon ƙasa. Sai Dona Neide, wato Malama Neide, maƙwabciyarta da bakinta ba ya riƙe magana, ta ce, "Tsohon mai labule? Ai na ga ya fita ta ƙofar baya da leda a hannu, ya gangara wajen bas. Na ɗauka aikensa kika yi."

Kunya ta rufe Joselma, tsoro ya biyo baya. Ta san mahaifinta sarai. Ba ya faɗa, ba ya ƙorafi, amma idan ya hau bas ɗin nan da ɓacin rai, sai an yi da gaske kafin ya sake taka gidan.

Ta fita da gudu yadda take: baƙar alkyabba, hula mai tsini, koriyar fuska, da tsintsiyar da ta manta tana riƙe da ita. Ni da idona na gan ta tana gangara layinmu, matar da ba ta zuwa sayen burodi sai ta duba madubi.

Masu zama a shagon da ke kwanar layi suka fashe da dariya.

"Dona Joselma, hau tsintsiyar mana, ta fi sauri!"

"Mai ne ya ƙare mata!"

Ko waiwaye ba ta yi ba. Bas yana tsayawa tana isa. Tsohon ya ɗora ƙafa ɗaya a mataki, ta cafke ledarsa.

"Baba, ka yi haƙuri. Na yi laifi. Taina ta hana kowa cin kek, ta ce yankan farko naka ne."

Direba ya leƙo. "Tsoho, za ka shiga, ko mayyar ce za ta kai ka?"

Seu Anacleto ya sauke ƙafarsa. Ya ƙare wa 'yarsa kallo daga hula har takalmi, ya ce, "Ke da wannan fuskar kika bi titi, amma ni ne abin dariya?"

Joselma ta ciro labulen daga leda, ta yafa masa da hannunta a gaban kowa. Haka suka hau gangaren nan, 'yan shago suna musu tafi.

Taina na ganinsa ta zabura. "Kaka, ina ka shiga? Boka ba ya gudu!" Ta danƙa masa farantin.

Tsohon ya sa cokali ya raba yankan biyu. Ya miƙa wa Joselma rabi.

"Karɓi, 'yata. Tun ranar da aka haife ki, duk kek ɗin da na yanka ke nake fara ba. Ba zan sake hali yau ba."

Joselma ta zauna a kan kujerar yara, ta ci tana kuka, hawaye yana jan layi a koren fentin. Wannan hoton ne yanzu a bangon falonta.

Darasi: Kada ka ɓoye wanda ya raine ka don ka burge baƙin da gobe ba za su tuna da kai ba. Yara suna ganin wanda ke tsayawa tare da su kullum, kuma shi suke ba wuri na farko. Idan kana da tsoho a raye, ka zaunar da shi a gaban falo. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila wani yana shirin biki a makon nan.