Yadda Ladidi Ta Zama Lauyar Tudun Gawo

Ƙaramar hukumar Tudun Gawo na neman lauya, amma Ciyaman Tanimu ya riga ya yi wa ɗan ƙanwarsa alkawarin aikin. Don kada a ce ya yi son kai, sai ya tara kansiloli da 'yan jarida, ya kafa sharaɗi.

Ya ce, "Duk lauyan da ya sa na ce 'na yarda', aiki nasa ne."

Cikin masu neman aikin akwai Barista Ladidi, 'yar tela ce da ba ta da kowa a sakatariya. Tana zaune tana kallon manyan lauyoyi na zuba hujja, Ciyaman na kaɗa ƙafa yana cewa, "Ban yarda ba." Har wani ya ce masa yau Laraba ce, ya musa.

Da aka zo kanta, sai ta russuna ta ce, "Ranka ya daɗe, ni shaida na kawo. Tun da ka hau kujerar nan ba ka taɓa cin kuɗin jama'a ba. Ka yarda?"

'Yan jarida suka miƙo rakoda. Ciyaman ya dubi sama, ya gyara hula, ya share gumi.

Can ya ce, "Na yarda. Ki zo Litinin ki kama aiki."