Igiyar Da Ta Yi Kuka Tun Ba A Taɓa Ta Ba

Ga ta nan ta taso a ɗaure tamau, kada wanda ya kwance min ita da surutu.

Wata shekara damina ta yi gardama. Kurege ya tone duk inda ya taɓa binne gyaɗa, bai samu ko ɓawo ba. Raminsa kuwa a bakin babban titi yake, daidai wata gangara mai kwana, inda tireloli ke wucewa da buhunan gyaɗa jibge har sama. Ƙamshi a hanci, ciki wayam. Ya rantse ba zai mutu da yunwa ba alhali abinci na wucewa ta ƙofarsa a kan taya.

Kafin a kai gangarar akwai shingen duba motoci, kuma Raƙumi ne ke tsaye a wurin. Shi ba ruwansa da dogon bincike. Wuya zai miƙa, ya kama igiyar kaya da leɓe, ya ja, ya saki. In an ɗaure da kyau, igiya ta yi kuka "tinn" kamar tsirkiyar garaya, sai ya ɗaga sanda a wuce. In ta yi shiru, direba ya shiga uku: a ajiye mota gefe, a ci shi tara, a karɓe lasisi.

Kurege ya daɗe yana kallon wannan daga cikin ciyawa, yana gwada kukan da bakinsa har ya iya.

Da gari ya waye ya kafa hula, ya rataya guntuwar igiya a kafaɗa, sai tasha. Ya tarar da Ɓauna, wani direba mai ƙaton kai da gajen haƙuri, an gama yi masa lodi yana neman mai ɗauri.

"Ni ne Sarkin Ɗauri, jikan wanda ya ɗaure guguwa a turke," in ji Kurege. "In na ɗaure kaya, mai kayan ma sai ya roƙe ni kafin ya kwance."

Ɓauna ya tambayi ladan aiki, Kurege ya ce don Allah yake yi, a dai rage masa hanya. Ni da na tsufa a cinikin albasa, in aka ce min kyauta, lalitata nake fara dafewa. Ɓauna kuwa har da godiya.

Kurege ya yi ta tsalle a kan kaya yana nishi. A ido kamar an ɗaure, amma kowace igiya sako-sako take, ta baya kuma zarge ya yi mata, irin ɗaurin da ja ɗaya ke warwarewa. Ya shige ƙarƙashin tamfol ya yi lamo. Da aka iso shinge, Raƙumi ya ja igiya ya saki, Kurege ya ce "tinn". Sanda ta ɗaga. A gangara ya fizgi bakin zargen, buhu ya mirgino ƙasa da shi a kai, har ƙofar rami.

Da gari ya waye ya shafe jan jikinsa da baƙin mai, ya koma tasha. Ga Ɓauna yana huci, an zage shi kan buhun da ya ɓata, yana neman wani ɗan ja mai ɗaurin banza ya take. Kurege ya ce ai ya san shi, ɓarawo ne ɗan ɓarayi, ya tsine masa har kakanni, sannan ya ce shi Baƙin Ƙulli ake kiransa, kuma shi ma don Allah yake aiki. Ɓauna ya sake ba shi kaya. Igiya ta sake kuka, buhu ya sake saukowa.

Sai dai wannan karon Jaki na biye a kan babur. Buhu ya same shi a ƙirji, ya tashi sama, ya dawo babu haƙoran gaba. Ya ja babur ɗinsa zuwa shinge yana kuka, ya tambayi Raƙumi ko kwana yake yi a tsaye. Raƙumi ya ci gaba da tuƙarsa. Shi dai ya san ya ji kukan igiya, ya kuma san igiya mai kuka ba ta zubar da kaya.

Buhu biyu sun isa Kurege har kaka. Amma da gari ya waye ya manna gemun auduga, ya ɗauki sanda, ya fito a tsoho. Ya sami Kura, direbar da an riga an ja mata kunne a shingen nan, an ce in ta sake, lasisinta ya tafi. Ta gaya masa haka, ta ƙara da cewa in kayanta ya motsa, da shi za ta karya kumallo.

"Ɗiyata, ni na koya wa kunkuru ɗaure kayansa a baya," in ji Kurege. "Kin taɓa ganin nasa ya faɗi?"

Ta bar shi ya ɗaure, ya shige ƙarƙashin tamfol, aka kama hanya. Kwaɗayi bai bar shi ya jira gangara ba, ya huda buhu ya cika kumatu fal. Ya ji mota ta tsaya, ya ji takun Raƙumi, ya ji numfashinsa a jikin tamfol. Raƙumi ya buɗe leɓe daf da igiya, sai ya tsaya cak bai kama ba.

"Tinn," in ji Kurege.

"Malama Kura," in ji Raƙumi, "igiyarki akwai ladabi. Tun ban taɓa ta ba ta gaishe ni."

Ya taka zuwa gaban mota ya ja wata igiyar. Kuka ya fito daga baya, har da tsartuwar gyaɗa. Ya sa haƙori ya yaye tamfol, ga tsoho zaune a kan buhu, kumatu kamar zai fashe.

Kura ta matso tana dariyar dole, ta miƙa goro a ɓoye. Raƙumi ya ƙi, ba don tsabar gaskiya ba, shi ƙaya yake ci. Ya karɓe lasisi, ya sa aka ajiye mota gefe, ya ce ta sauke kayan buhu-buhu a cikin ranar nan ta sake ɗaurewa, kuma wani direban ne zai zo ya ja motar.

Kurege ya miƙe ya ce shi babban jami'i ne daga hedikwata, an aiko shi ya gwada kunnen Raƙumi, kuma Raƙumi ya ci jarrabawa. Yana cikin magana gemu ya faɗi. Ɓauna da ke layi a baya ya leƙo, ya gane ɗan ja, ya gane Baƙin Ƙulli, duk a fuska ɗaya.

Jaki, da ya dawo shingen neman diyyar haƙoransa, shi ya fara kai masa duka da ƙafar baya. Ɓauna ya tare shi da ƙaho ya mayar wa Kura. Kura ta cafki wutsiya, Kurege ya bar mata gashin a baki, ya faɗa kwalbati, ya ɓulla ta can yana ɗingishi.

Da ya ga ya yi nisa sai ya hau suri, ya tofar da haƙori ɗaya, ya ci gaba da tauna gyaɗar da ta rage a kumatu.

"Murya dai ban kuskure ba," ya ɗaga kai ya ce musu. "Raƙumi ne ya makara."

Ƙurunƙus kan kurege mai wutsiya a fige. Wanda zai tafi gida ya ja igiyarsa ya ji, ya kuma leƙa ƙarƙashin tamfol.