Ladingo da Gashin da Ya Toshe Idon Ruwa

Ga ta nan, ga ta nan tafe, da tsinken kitso soke a ka!

Ta ƙaraso mu ji ta!

To ku matso. Ke Hanne, bar sosa kan nan, labarin kai za a yi, kar a ce da ke nake. Wannan tatsuniya ba a littafi na tsince ta ba. Ni da littafi mun yi sallama tun ina aji huɗu, lafiya lau, ba wanda ya riƙe wani. Da idona na gani, ina bisa mangwaron liman ina taya shi ɗanɗano.

Wani gari ne wai shi Tudun Faru. Ba rijiya, ba tafki. Ruwansu ɗaya ne, idon ruwa da ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin wani falalen dutse. Shi ake sha, da shi ake tuwo, shi awaki ke sha.

Ran nan aka wayi gari ruwa ya ragu. Kashegari ya ƙara raguwa. Rana ta uku sai ɗigo, ɗis, ɗis, kamar kyautar marowaci.

Sarki ya kira Kwaɗo, don shi ne mai gida biyu, ɗaya a tudu ɗaya a ruwa. Ya ce, "Shiga ka gano mana."

Kwaɗo ya shiga, ya fito, ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwa na nan ciki maƙil, har ya rasa inda zai sa kansa. Ƙofa ce ta toshe."

Sarki ya ce, "Da me?"

Kwaɗo ya ce, "Da gashi."

Ashe Uwar Ruwa, aljanar da ke riƙe da wurin, tana da 'ya guda, ana ce mata Tsulum. Su mutanen ruwa ba su san kitso ba, a tsefe suke yawo. Ita kuwa wannan yarinya Allah ya ba ta gashi. Ya wuce baya, ya wuce ƙafa, ya bi ruwa ya cushe ƙofar dam. Uwar ta ce duk wadda ta kitse shi, ruwa ya sami hanya.

Sarki ya ce, "Yau Litinin. In Juma'a ta yi babu ruwa, kowa ya ɗaure kayansa, mun tashi."

To a garin akwai wata yarinya, Ladingo. Uwarta koko take sayarwa, tun asuba tana bakin murhu. Ƙannen Ladingo mata huɗu, kuma kansu duka a hannunta yake. Kullum safe sai ta jera su kamar tukwane. Wannan guda biyu, wannan guda huɗu, wannan kalaba shida, auta a tufke mata da zare. Kafin kokon Inna ya huce ta gama, kowa ta kama gabanta.

Akwai kuma kakarsu, Iya Tabawa. Ƙafafunta sun daɗe da yin murabus, tana zaune tana kaɗi da mazari. Da ta ji maganar tashi ta ce, "Ku sauka lafiya. Nan aka binne cibiyata, nan za a binne sauran."

Ladingo ta ce, "Haba Iya, mu ɗora ki a jaki mana."

Iya ta ce, "Ke 'yar nema, jakin da zai ɗauke ni ba a haifi uwarsa ba."

Ladingo ta ce, "Ƙishirwa fa?"

Iya ta ce, "Ni da ita mu ƙarata."

Ladingo ta yi dariya a gabanta, ta zagaya bayan rumbu ta yi kuka. Ta san tsohuwar, in ta ce a'a ta zauna.

Ran Talata aka kira Magajiya Hurera, makitsiyar gidan Sarki. Shukunta kwana biyu yake ci, amma in ta gama har kaji tsayawa suke su kalla. Ta zo da tabarma, da kujera 'yar tsugunne, da man shanu, da tsinke uku.

Kwaɗo ya ce, "Gwaggo, akwai sharaɗi fa."

Ta ce, "Kai da ba ka da gashi ko sili ɗaya, kai za ka koya mini kitso? Kauce!"

Kwaɗo ya kauce.

Tsulum ta fito, ta taka dutse, ta bar sawu jiƙaƙƙu, ta zauna. Magajiya ta tsaga. Ta leƙa ta ce tsagar ta karkace. Ta sake. Ta leƙa ta ce saura kaɗan. Ta sake. Ba ta kama kitso ko ɗaya ba sai yarinya ta soma waƙa:

"Inna, Inna, dutse ya sha sawuna,
Inna, Inna, rana ta lashe sawuna,
Mai kitso, sakar mini kaina,
Gida na kira, na tafi."

Ta zame ta faɗa rami. Magajiya ta tsaya da tsinke a hannu kamar mai jiran nama.

Ran Laraba aka ɗauko Dela Mai Zane daga birni. Ita hannunta akwai sauri, amma kitsonta ƙanana ne, guda ɗari ba ɗaya, ga ja. In Dela ta yi miki kitso kwana uku ba kya rufe ido, girarki tana can tsakar ka tana hutawa.

Kwaɗo ya ce, "Hajiya, akwai sharaɗi fa."

Ta ce, "Wa ya bar wannan abin a hanya?"

Kwaɗo ya kauce.

Tsulum ta fito ta zauna. Dela ta danne kan a cinya ta hau ja. Yarinya ta ce wayyo, Dela ta ce, "Ado da wuya, 'yar nan." Ta yi ɗaya, ta yi biyu, ta yi bakwai. Saura casa'in da biyu, sai waƙa:

"Inna, Inna, dutse ya sha sawuna,
Inna, Inna, rana ta lashe sawuna,
Mai kitso, sakar mini kaina,
Gida na kira, na tafi."

Ta faɗa rami tana kuka. Guda bakwai ɗin ma da ba a ɗaure bakinsu ba, ruwa ya warware su kafin Dela ta naɗe tabarma.

Ran Alhamis Sarkin Aska ya ce, "Mata sun cika jan magana. A aske kowa ya huta." Ya zo yana wasa aska a tafin hannu. Kwaɗo ko sharaɗin bai ambata ba, sai ya matsa nesa ya sami wurin kallo.

Tsulum ta fito, ta ga aska, ta kurma ihu. Ba ta ko yi waƙar ba. Wani hannu ya fito daga ramin, dogo kamar gora, ya ɗauki Sarkin Aska ya ajiye shi a kan bishiyar kuka. Sai da aka haɗa tsani biyu. Ni na riƙe na ƙasan, kuma na ɗan girgiza, don ya taɓa yanka mini kunne.

Ɗigon ma ya tsaya. Gari ya hau ɗaure kaya.

Juma'a da sassafe Ladingo ta gama kan ƙannenta, ta ɗebi soyayyiyar gyaɗa a gefen zane, ta ɗauki matajinta mai manyan haƙora. Ta ce, "Iya, ba ni zare."

Iya ta ce, "Me za ki ɗinka?"

Ta ce, "Bakinki, in na dawo."

Iya ta tsinko mata kamu guda ta ce, "Ja'ira. Allah ya ba da sa'a."

Ta iske mutane a bakin dutse da tulunan da ba kowa ciki. Magajiya Hurera ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ke mai kitson zuwa aike? Inda shuku ya faɗi, guda biyu ne zai tashi?"

Ladingo ta durƙusa ta ce, "Ina kwana, Gwaggo." Ta wuce wurin Kwaɗo ta tsuguna. Ta ce, "Malam Kwaɗo, na ji kullum kana cewa akwai sharaɗi. Mene ne?"

Kwaɗo ya kumbura don daɗi, tun da aka haife shi ba a taɓa ce masa malam ba. Ya ce, "Yarinyar ba ta daɗewa a tudu. In ta taka dutse, sawunta na nan a jiƙe. Sawun na bushewa za ta koma, ko kan ya ƙare ko bai ƙare ba."

Me ka ce, Ɗanjuma? A riƙa watsa wa sawun ruwa? Da wane ruwan? Ruwan ne ai babu. Yi shiru, kai ma da kai za a hau kuka.

Ladingo ta tofa yawu a kan dutsen, ta tsaya tana kallo har ya bushe. Ta ce, "Bai kai hucewar koko ba, amma mu gani."

Aka yi kira, aka yi lallashi, da ƙyar Tsulum ta leƙo. Ta ce, "Ke ma ja za ki yi?"

Ladingo ta ce, "In na ja ki, ki cije ni. Ungo gyaɗa."

Tsulum ba ta taɓa ganin gyaɗa ba. Ta fito, ta taka dutse, sawu biyu ɓaro-ɓaro, ta zauna tana ɓarewa. Yaro in bakinsa na aiki kansa ba ya yawo.

Ladingo ba ta nemi tsinke ba. Ta sa ɗan yatsa daga goshi zuwa ƙeya, ta raba gashin biyu. Magajiya ta ce, "Tsagar ta karkace!" Ladingo ta ce, "Ruwa ba ya duba tsaga, Gwaggo." Ta taje daga baki zuwa gindi, sau uku. Ta raba ɓarin dama gida uku ta kama.

Dama kan tsakiya, hagu kan tsakiya. Dama kan tsakiya, hagu kan tsakiya. Gashi ya yi tsawo, ta miƙe tsaye tana kitsawa tana ja da baya, har ta kai gindin marke. Ta ɗaure bakin da zaren Iya, tam.

Kwaɗo ya ce, "Diddige ya bushe!"

Ta sheƙo da gudu ta kama ɓarin hagu. Tana sa hannu ta ji abu na motsi. Ta zaro, ashe 'yar tarwaɗa ce ta yi wata uku tana haya a ciki. Tarwaɗa ta ce, "Ba ko sallama?" Ladingo ta ce, "Yi haƙuri, mai gida ya dawo," ta jefa ta rami. Kun ji ana cewa an yi kitso da kwarkwata, to saura kaɗan a yi da kifi.

Kwaɗo ya ce, "Tafin ƙafa ya bushe! Saura yatsu!"

Dama kan tsakiya, hagu kan tsakiya. Tsulum ta ajiye gyaɗa ta soma, "Inna, Inna, dutse ya sha..."

Ladingo ta ce, "Ci gyaɗarki, ƙanwata, saura ƙiris."

Ta kai ƙarshe, ta laluba gefen zane. Babu zare. Kamu gudan duk ya tafi a na farko. In ta saki bakin haka, ruwa zai warware shi kamar na Dela.

Kwaɗo ya ce, "Saura babban yatsa!"

Ladingo ta kai hannu kanta, ta fizge zaren da ya ɗaure nata kitson. Gashinta ya tashi buzu-buzu a gaban Sarki da jama'a. Ta naɗa, ta naɗa, ta ƙulle da haƙori.

Yatsa ya bushe. Tsulum ta faɗa rami, jela biyu na binta sululu kamar igiyar guga.

Kowa ya zuba wa rami ido.

Sai dutse ya ce gurrr. Sai rami ya yi tari. Sai ruwa ya yi tsalle ya fi tsayin mutum, ya kwashe tabarmar Magajiya, ya cika tuluna, ya bi gari yana gaida mutane ƙofa ƙofa. Mata suka rangaɗa guɗa, awaki suka taya su.

Uwar Ruwa ta fito har ƙugu. Ta ce, "'Yar mutum, faɗi abin da kike so. Zinariya? Shanu?"

Ladingo ta ce, "Inna, hannunki nake so. Wannan kitson na yau da gobe ne, kwana huɗu ya tsufa. In ina zazzaɓi fa? In na yi tafiya fa? Gari ya sake ɗaure kaya? Ga kaina a tsefe, zauna ki koya."

Aljana guda ta zauna a kan dutse, yarinya ta ba ta kai. Ta yi na farko, ya fito kamar kashin awaki. Aka tsefe. Ta yi na biyu, ɗaya na duban gabas ɗaya na duban kasuwa. Aka tsefe. Ta yi na uku, ya zauna. Magajiya Hurera ta matso a hankali ta ce, "Ke, a ina kike sa yatsan nan?" Ladingo ta ce, "Matso, Gwaggo, ga wuri."

Ta koma gida da tulu a ka, ta dire a gaban Iya Tabawa. Tsohuwa ta sha, ta sha, ta sauke moɗa, ta dubi kan jikarta. Ta ce, "Wace makauniya ce ta yi miki wannan?"

Ladingo ta ce, "Wadda kika sha ruwanta."

Iya ta ce, "To ai ya yi kyau."

Har yau in kun je Tudun Faru za ku ga ƙoramar ta rabu biyu daga bakin dutse, kowane reshe na murɗawa. Jelar Tsulum ce ruwa ke bi. In kuka ga ya ɗan ragu da safe kar ku ɗaure kaya, tsifa ake yi, kafin koko ya huce zai dawo.

Abin da za ku riƙe: kitson da aka gama ya fi wanda aka faro, kuma kafin ki kama kan mutum, tambayi mai gaya miki akwai sharaɗi, ko da kwaɗo ne.

Ƙurunƙus, kan ɓera da kitso guda biyu. Ni ma Uwar Ruwa ta ba ni matajin zinariya in kawo muku, liman ya hango ni a kan mangwaronsa, garin gudu matajin ya faɗi. Hanne, kawo kan nan a duba.