Kabewar Hajjo da Kwanon da Bai Fita Ba

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wani tsoho ne, Malam Cindo, da matarsa Hajjo. Duk damina in kabewa ta hau danga ta zuba 'ya'ya, sai Hajjo ta tsinko ƙananan, ta yanke kawunan, ta ƙwaƙule cikin. Sai ta cusa tsakin sabuwar masara da zogale da ƙuli-ƙuli da tattasai, ta mayar da kawunan, ta turara a madambaci. Ƙamshin nan har bakin rijiya ake jin sa. Ku da kuka tashi a kan taliya, me kuka sani?

Ana nan sai Hajjo ta rasu da bazara. Damina ta faɗi, kabewa ta hau danga abinta. Malam Cindo kuwa ya daina cin abinci, ya rame sai ido. Sai 'yarsa Tasalla ta baro gidan mijinta ta zo jinya.

Ta ce, "Baba, me ranka yake so?"

Ya ce, "Irin kabewar innarki."

Sai Tasalla ta tsinko, ta ƙwaƙule, ta cusa, ta turara. Ya shinshina, ya ture. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, amma ba ita ba ce." Sai kurciya ta sauka kan danga tana cewa:

"Kwano bai fita ba,
Kwano bai dawo ba."

Tasalla ta jefe ta da ɓawon kabewa.

Kashegari ta yanka kaza, ta daddatsa naman a ciki, ta zuba man shanu. Tsoho ya ɗanɗana, ya juya fuska bango. Kurciya ta sake waƙarta. Tasalla ta ce, "Ke kuma, da wanne zan ji?" Ta zauna gindin murhu ta sha kuka, don ta ga ubanta na shirin bin uwarta.

Rana ta uku, kabewa uku suka rage a danga. Ta turara guda don gwaji. Kurciya ta soma waƙa, sai Tasalla ta tsaya cak. Ta tuna tana yarinya, ta farko in ta nuna ba a ci a gida. Hajjo kan sa ta a kwano ta ce, "Kai wa Iya Lanti." Maƙwabciyarsu ce, danga ɗaya ta raba su.

Sai Tasalla ta sa kabewar a kwano, ta je ta yi sallama. Iya Lanti ta buɗe, sai hawaye. Ta ce, "Kwana biyu ina jin ƙamshi, na ce to, an binne zumuncin tare da Hajjo." Ta shiga ɗaki, ta fito da kwanon rufe da faifai.

Tasalla ta ɗaga faifan, sai ga curin daddawa.

Iya Lanti ta ce, "Shekara talatin daddawata ke shiga kabewar gidanku. Ke ce ma 'yar aiken. Amma ina, hankalinki na wajen gaɗa, ba ki taɓa ɗaga faifai ba."

Sai Tasalla ta koma, ta daka daddawar, ta cuɗa da tsakin, ta cusa a biyun da suka rage. Tururi na tashi, sai ta ji murya daga ɗaki: "Hajjo, ya nuna ne?"

Ta share ido da bakin zane, ta ce, "Ya nuna, Baba."

Ya tashi zaune da kansa. Ya cinye guda, ya suɗe hannu. Ya dubi ɗayar ya ce, "Wannan kin cire mata iri tukuna?"

Ta ce, "Na cire, na shanya."

Ya ce, "To, baɗi ni zan shuka."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Zumunta a ƙafa take, yara. Kuma in an aike ku da kwano, ku riƙa lura da abin da ya dawo a ciki.