Zoben Wuyan Keke

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ke gindin dutse, tun zamanin da babu waya a aljihun kowa. Sunansa Nomau. Gyaran keke ne sana'arsa, a ƙarƙashin wani durumi a bakin kasuwa. Ba malami ba ne, jama'a, ba kuma mai hali ba. In ka shiga masallaci, a sahun baya za ka same shi, yana ɓoye hannuwansa saboda baƙin giris.

To, ku saurara. Wata ranar Laraba sai ga wani mai sayar da zuma, ana ce masa Jatau, ya gangaro daga ƙauyensu da ke can bisa dutsen. Kekensa irin mai kaurin tayar nan ne na hawan duwatsu, lokacin ba su yi yawa ba. Ya ce kan keken na rawa, in ya kama birki sai ya ji ƙwas-ƙwas a wuya. Nomau ya kwance wuyan, ya wanke, ya sa sabon boris, ya cika giris, ya mayar ya ɗaure.

Jatau ya ce, "Malam, ka dai ɗaure shi da kyau ko? Gobe da la'asar zan sauko da maiɗakina asibiti. Cikinta ya tsufa, a baya zan ɗauko ta."

Nomau ya ce, "Ya ɗauru. Allah ya raba lafiya."

Washegari ranar kasuwa ce. Nomau ya fito da sassafe yana share gindin durumi, sai tsintsiya ta turo wani ɗan zobe na ƙarfe, siriri, mai ɗan haƙori a ciki. Ya duƙa ya ɗauka. Ya jujjuya shi a tafin hannunsa.

Kun san mene ne? Shi ake sawa a tsakanin noti biyu na wuyan keke. Shi ke hana su kwancewa in hanya ta yi gargada. In babu shi, keke zai fita lafiya lau, mai shi ba zai ji komai ba. Amma kowane dutse aka taka, noti na sassautawa kaɗan. Kaɗan-kaɗan, har ranar da mutum zai juya kan keke dama, taya ta ƙi bin sa. Kuma zoben nan ya fi na sauran kekuna faɗi. Keke ɗaya ne mai irin wannan wuyan ya zo wurinsa. Sai ya tuna jiya wata akuya ta ture masa gwangwanin da ya zuba kayan, ya tsince, ashe bai tsince duka ba.

Ya zauna, ya miƙe. Ya sake zama, ya sake miƙewa. Aka kawo masa faci, ya shafa gam a inda babu huda. Matarsa Tabawa ta aiko da koko, ya huce a nan ko kallonsa bai yi ba. Da ya dubi dutsen, sai ya ga a ransa gangaren nan mai kwana, rami a gefensa, da mace mai tsohon ciki a bayan keke.

Maƙwabcinsa Sallau mai tsire ya lura, ya tambaye shi. Da ya ji, sai ya rage murya ya ce, "Haba Nomau! Jefa shi a kwata. Wa ya gan ka? Mutum ya hau da keken har gida lafiya, haka zai sauko lafiya. Ga sabon mai gyara can ya buɗe tsallaken hanya, jira yake a ce ka yi kuskure. Ka tona wa kanka asiri a kan abin da bai kai ƙwandala girma ba?"

Ku ji fa. Ba da ƙaho Shaiɗan ke zuwa ba. Da bakin mai ƙaunarka yake zuwa, kuma rabin maganarsa gaskiya ce.

Nomau ya ce, "Sallau, in ya sauko lafiya, Allah ne ya tsare. In bai sauko ba, ni ne. Ka duba min kayana."

Ya sa zoben a aljihu, ya ɗauki sufana biyu, ya kama hanya a ƙasa. Za ku ce ina kekensa? Mai gyaran keke ne fa. Nasa na jingine a zaure babu taya, kullum sai gobe.

Ya hau, ya hau, rana na dukansa. Silifa ya tsinke, ya riƙe a hannu. Duk wanda ya gamu da shi sai ya tare: "Don Allah ba ka ga mai zuma da mace a bayan keke ba?" A ce a'a, ya ce alhamdu lillahi, ya ƙara sauri. Ya yi azahar a kan wani falalen dutse, yana sallama yana miƙewa. Kowace kwana ya sha sai ya leƙa ramin. Inuwa ta fara tsawo, shi kuwa bai ga ƙauye ba.

Ana kiran la'asar ya isa. Ga Jatau a ƙofar gida ya ɗaura matashi a bayan keke, matar ta fito da ƙunshinta tana dafe da ƙugu.

Nomau ya ce, "Dakata! Don Allah kada ta hau."

Jama'a suka taru. A gaban kowa ya fito da zoben ya ce, "Na manta wannan jiya. Laifina ne." Ya kai hannu wuyan keken. Wallahi ko sufana bai sa ba, da yatsu biyu notin ya juyo.

Kuna tsammanin Jatau ya rungume shi? Ina! Tsoro ya koma masa fushi. Ya ce, "Kai! Na tambaye ka, ka ce ya ɗauru! Da ka kashe min mata da abin da ke cikinta! Mugu, maras amana! Sai kowa ya ji a kasuwa!"

Nomau bai ɗago ba. Ya kwance, ya sa zoben a wurinsa, ya ɗaure, ya kama birki ya jijjiga, shiru. Jatau na ta zagi. Wani dattijo ya ce, "Bawan Allah, ka hawo dutsen nan a ƙasa, kana jin abin da yake faɗa maka, ba za ka tanka ba?"

Nomau ya share gumi ya ce, "Baba, ƙyale shi. Tun safe abin da nake roƙon Allah ke nan, in tarar da shi yana iya zagina. Mai rai ne ke zagi."

Jatau da matarsa suka hau suka gangara, ko waiwayen Nomau ba su yi ba. Shi kuma ya biyo bayansu da silifa a hannu, yana bin sawun tayar da ido har gindin dutse. Sawun bai karkace ba ko a kwana ɗaya. Jatau kuwa ya cika alkawari, ya baza labari a kasuwa, wasu suka koma wurin sabon mai gyara. Ba zan yi muku ƙarya in ce Nomau ya yi arziki daga baya ba. Bai yi ba. Amma yarinyar da aka haifa a makon nan ta girma, ta yi jikoki, ba ta ma taɓa jin sunansa ba.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Amana ba ita ce kada ka yi kuskure ba, ɗan Adam ajizi ne. Amana ita ce abin da ka yi bayan ka ga zoben a ƙasa, babu mai ganinka sai Allah. Kai magini, ka san ginshiƙin da ka rage wa siminti, kuma da yara a ɗakin nan. Ke da kika kai wata magana gidan wata, daga baya kika gano ba haka ba ce, har yau kin yi shiru, aurenta na ta sassautawa. Kowannenmu da zobensa a aljihu, muna cewa ai an hau lafiya, za a sauko lafiya.

Ku tashi ku kai shi tun ba a kira la'asar ba. Za a zage ku, na sani. Gara a zage ka a ƙofar gida da a gode maka a wurin gaisuwar mutuwa. Allah ya ba mu ikon gyarawa tun masu shi na da rai.