Karen da Aka Bari a Gindin Ɗorawa

Akwai wani manomi da yake da gona a bakin daji. Wata rana yana dawowa daga aiki sai ya ji kuka a gindin wata ɗorawa. Da ya matsa kusa, ya tarar da wani kare marar mai shi, tarkon mafarauta ya kama masa ƙafa, ƙudaje sun rufe ciwon. Manomin ya buɗe tarkon, ya saɓa karen a kafaɗa ya kai shi gida, ya wanke ciwon da ruwan gishiri, ya yi ta jinyarsa har ya miƙe. Tun daga ranar, duk inda manomin ya nufa karen yana biye da shi da ɗingishi. Maƙwabta suka yi ta yaba wa mutumin, shi kuwa bai taɓa gajiya da ba da labarin ba.

Shekaru suka wuce, karen ya tsufa, wani ƙari kuma ya fito masa a ciki. Ya daina cin abinci, ko kunu aka ɗura masa sai ya amayar. In ya kwanta nishi, in ya tashi nishi. Manomin ya kira likitan dabbobi. Likitan ya tattaɓa cikin karen, ya ce, "Baba, wannan ya wuce magani. Abin da ya rage a hannuna allura ce da za ta sa shi barcin da ba zai farka ba, ba kuwa zai ji zafi ba. Amma kai ne mai shi, sai abin da ka ce."

Manomin ya ce, "Ni na cece shi, ni kuma zan ce a kashe shi? Rai na Allah ne. Ba da bakina ba." Likitan ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Amma nishin bai daina ba, manomin kuma ya kasa jure jinsa. Sai ya ɗora karen a baro ya tura shi har gindin ɗorawar nan. Ya tuɓe tsohuwar rigarsa ta noma ya shimfiɗa a inuwa, ya kwantar da shi a kai, ya ajiye masa ruwa a kasko jikin itacen. Ya ce, "A nan Allah ya ba ni kai, a nan nake mayar masa da kai." Ya koma gida zuciyarsa sakayau.

Matarsa ta ce, "Maigida, ina karen?"

Ya ce, "Na bar shi a hannun Allah."

Ta ce, "To, da yana gida hannun Allah bai kai nan ba ne, sai an tura masa shi daji?"

Kashegari da rana ta take, ya biya ta wurin don ya haƙa rami, gama ya ɗauka an gama. Sai ga karen da rai. Inuwa ta kau daga kansa, rana tana dukansa, harshensa ya bushe. Da ya ja jiki kaɗan da ya kai ga inuwa da ruwa, amma bai motsa daga kan rigar ba. A duk shekarun nan, in manomin ya tuɓe riga a gona, karen ne yake kwanciya a kai yana tsaronta har ya dawo. Shi a ganinsa aiki aka ba shi. Da ya hangi maigidansa, ya kaɗa wutsiya.

Manomin ya zauna a ƙasa ya yi kuka. Ya ɗauke shi a hannu ya kai shi gida, ya aika a kira likitan. Ya ɗora kan karen a cinyarsa ya ce, "Likita, yi masa. Ni na ce." Ya riƙe shi yana shafa shi har numfashi ya tsaya.

Ma'anar wannan misali ita ce: manomin shi ne kowannenmu da ya taɓa yin jinƙai. Ranar ceto tana da daɗi, akwai masu gani, akwai masu yabo. Ranar da jinƙai ya yi nauyi kuwa ba mai tafi, a ranar ce mukan nemi kalma mai tsarki mu ɓuya a bayanta. Manomin bai yi ƙarya ba da ya ce rai na Allah ne. Amma ba don tsoron Allah ya faɗa ba, don ya huta ne.

Kada wani ya fita daga nan ya ce an koyar da a ɗauke ran mutum. Dabba Ubangiji ya sa ta a ƙarƙashin kulawarmu, har da yanke mata shawara mai wuya. Ran mutum kuwa ba a hannunmu yake ba. Abin da yake hannunmu shi ne mu zauna kusa. Akwai tsohuwar da muka kawo cikin ikkilisiya da waƙa, yau tana kwance ba mai leƙa ta. Akwai mahaifin da aka mayar ƙauye da ciwonsa, aka ce, "Muna sa shi cikin addu'a." Ku yi addu'ar, amma ku yi ta a bakin gadonsa.

In akwai wanda ka bar wa Allah don kada ka ji nishinsa, ka sani shi bai san an bar shi ba. Har yanzu yana tsammani kana hanya.